Mataimakin Manaja a Rumfar Baffa Abakar

Ranar da Walid ya kai wa budurwarsa Kellu kwafin CV ɗinsa an yi ruwa da la'asar, unguwar Dala ta yi luf, itatuwan darbejiya suna ta ɗiga a kan duk wanda ya ratsa ƙarƙashinsu. Ya zo yana taku ɗai-ɗai, takardar na cikin leda a ƙirjinsa kamar jaririya. Shekara biyu ke nan da ya gama difiloma a kwalejin aikin gona, shekara biyu yana yawo da fayil daga wannan ofis zuwa wancan, sai a wannan karon aka kira shi intabiyu. Wani sabon kamfani ne mai suna Madarar Ngadda, suna neman jami'in da zai riƙa zaɓar musu shanun tatsa, yana zagaya makiyaya, yana rubuta rahoto. Mutum arba'in da ɗaya suka nema, aka tace aka bar biyar, shi kuwa yana cikin biyar ɗin. Aikin nan shi ne abin da yake kwana da shi yake tashi da shi.

Kellu malamar firamare ce, idonta ya saba da farautar kuskure. Ta zauna a bakin tabarma a zauren gidansu, laffayarta na tashin turaren wuta irin wanda ke bin mutum har gida, ta buɗe takardar tana bi da yatsa.

"Mataimakin manaja," ta karanta a hankali, "na tsawon shekara uku, a kamfanin Abakar and Sons." Ta ɗago kai. "Walid, a ina kamfanin nan yake? Ko wani bene ne aka gina ban sani ba?"

Ya sosa ƙeya ya ce ai rumfar Baffa Abakar ce ta Kasuwar Shanu. Kellu ta san rumfar: kwano huɗu a sama, tabarma biyu a ƙasa, sai butar shayi da kofuna. Ya yi saurin bayyana mata cewa ba shi ya tsara ba, abokinsa Mikail ne, mai shagon kwamfuta a Lamisula. Mikail ya rantse masa babu kamfanin da zai kalli takardar da aka rubuta "ɗan kiwo" a kanta, dole a sa mata riga. Shi ya ƙara masa da ƙwarewa a Excel, ya kuma liƙa Faransanci a ƙarshe, wai tunda muna maƙwabtaka da Chadi abin zai yi armashi.

"To, yi mini Faransancin in ji."

"Bonjour."

"Sai kuma?"

"Sai kuma bonjour ɗin dai, idan an sake haɗuwa."

Ta yi dariya har ta kifa fuskarta a kan gwiwa, shi ma ya taya ta, don dariyar Kellu ba a iya zama kusa da ita a ƙi kamuwa. Amma da ta goge idonta sai ta sake bin takardar daga sama har ƙasa, ta ce abin da ya ba ta mamaki shi ne babu ko layi ɗaya na abin da ya iya da gaske. Ta ce ya je ya janye ta. Ya ce an riga an miƙa, an yi intabiyu, yanzu sakamako kawai ake jira. Sai ta sauke murya ta ba shi nata labarin: mahaifinta ya amince a fara maganar aurensu, kuma cikin makon nan wani ɗan uwansa da ya zo daga Monguno zai je Kasuwar Shanu ya yi bincike a kansa wajen Baffa. Ita kanta ba ta san ranar ba.

Walid ya koma gida yana jin kamar ƙasa ba ta taɓa tafin ƙafarsa. Da safe ya sanar da Baffa Abakar, ƙanen mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun shekarar da suka baro rugarsu ta bakin tafki suka shigo gari da ragowar garkensu. Baffa ya yi hamdala har sau uku, nan take ya sa aka sayo sabuwar tabarma da ganyen shayi mai kyau da kanumfari, ya ce surukai ba za su same shi a kan tsohuwar shimfiɗa ba.

Akwai magana ta biyu da Walid ya so ya yi masa, ita ce ta ƙi fitowa. A ƙarshen intabiyu, shugabar ɗaukar ma'aikata, wata mata mai farin tabarau da ake kira Madam Ketura, ta gaya musu cewa duk abin da suka rubuta za a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mikail ya ce kowa haka yake faɗa, iyakaci su buga waya, don haka ya je ya shirya Baffa, in an tambaye shi ya ce eh, mataimakin manaja ne. Sau uku Walid yana buɗe baki. Amma Baffa Abakar mutum ne da idan zai sayar da saniya sai ya fara nuna wa mai saye aibinta, har dillalai suna tsokanarsa wai yana korar kasuwa da bakinsa. Ta yaya za ka zauna gaban irin wannan mutum ka ce masa, Baffa, ga ƙaryar da nake so ka haddace? Kullum sai Walid ya ɗage zuwa gobe.

Ranar Laraba da hantsi kasuwa ta cika. Ruwan daren jiya ya mai da ko'ina taɓo, tireloli sun yi layi ana loda bijimai zuwa kudu, mahauta na ta lalube tsakanin turaku. Walid yana bayan rumfa, inda aka kewaye da zana, ya durƙusa yana wanke wa wata karsana kofaton da ya ruɓe, wandonsa a naɗe, taɓo har gwiwa. Sai ya ji sallama, ya ji kuma an shiga doguwar gaisuwar Kanuri, wushe, wushe, ya gida, ya damina. Ya leƙa ta ramin zana. Wani dattijo ne fari tas da babbar riga da hula zanna, gemunsa a gyare. Ya ce sunansa Umara, ya zo ne kan maganar yaronsu Walid.

"Ai mun san da zuwanku, Ba Umara," in ji Baffa, ya ƙara masa "Ba" na girmamawa irin na Kanuri, yana warware sabuwar tabarma da hannunsa. "Tun shekaranjiya muke sauraro."

Baƙon ya ɗan yi mamaki, amma ya cire takalmi ya zauna. Walid ya sake leƙa shi. Wannan shi ne mutumin Monguno. Kunya ta hana shi fitowa, don ba a san saurayi ya tsaya a gaban masu bincikensa ba, son jin abin da za a ce kuma ya hana shi matsawa. Ya riƙe ƙafar karsanar ya kasa kunne.

Baffa ya ɗora shayi, ya gyara rawaninsa, ya fara da cewa irin wannan tambaya amana ce, wanda aka tambaya ya ɓoye aibi to ya ci amanar gida biyu, don haka zai faɗi mai daɗi da marar daɗi. Ya ce yaron yana salla a kan lokaci, ba ya shan komai, bai taɓa ɗaga wa babba murya ba, uwarsa kuma ba ta taɓa kwana da fushinsa ba. Walid ya ji idonsa ya ciko. Shekara goma sha biyu suna tare, Baffa bai taɓa yaba masa a gabansa ba, ashe duk yana tarawa ne a ciki. Daga nan Baffa ya juya kan aibobi. Ya ce yana da nauyin barci bayan asuba, idan ana ƙwallo kuwa ko gobara aka yi sai an tashi wasa zai ji. Ya ce bai iya ciniki ba sam, tausayin mai saye yake ji. Sannan zuciyarsa ruwa ce: bara da aka sayar da wani maraƙi da ya raina da kwalba, sai da ya shiga bayan zanar nan ya yi kuka kamar an yi masa rasuwa.

Walid ya so ƙasa ta buɗe. Ba Umara kuwa ya zaro ɗan littafi daga aljihu yana rubutawa, yana murmushi, ya ce ya daɗe yana wannan aiki bai taɓa samun mai ba da shaida dalla-dalla haka ba. Sai ya tambaya, "To Alhaji, a wace shekara ya zama mataimakin manaja?"

"Manajan me?"

"Na kamfaninku."

Baffa ya ɗaga kai ya dubi kwanon rumfa, ya dubi butar shayi, ya dubi shanun da ke tuƙa a turke. "Ba Umara, ni ne nan, sai waɗannan. In akwai manaja a cikinsu ban san wanda suka zaɓa ba."

Hannun Walid ya saki ƙafar karsana. Baƙon ya ci gaba da tambaya ko yaron ya iya kwamfuta, Baffa ya ce shi dai waya yake ganinsa da ita, ita ma rabin abin ƙwallo ne. Ya tambayi Faransanci, Baffa ya ce iyakarsa gaisuwa da fataken Chadi, su ma da Larabci suke ƙarasawa. Sannan Baffa ya ajiye kofin shayi, ya matso, ya rage murya kamar mai neman sirri.

"Ku yi mini haƙuri, zamani ne ya wuce mu. Yarinyar ce ta ce sai mai Faransanci?"

"Wace yarinya?"

A daidai lokacin Walid ya hango ta ta ramin zana. Madam Ketura ce, ta tattare zaninta da hannu ɗaya tana tsallake taɓo, shuɗin fayil a ɗaya hannun, tana ba da haƙuri cewa waya ce ta tsai da ita a mota. Ba Umara ba daga Monguno ya zo ba. Abokin aikinta ne, daga Madarar Ngadda.

A bayan Walid akwai wata kafa tsakanin zana da katanga, wadda ke fitar da mutum wajen da ake loda shanu. Taku biyar kawai zai yi, ya ɓace cikin jama'a, ya kashe waya, ya bar maganar ta mutu da kanta. Har ya miƙe ya juya. Sai ya ji Madam Ketura tana karanta wa Baffa takardar layi-layi tana fassarawa, ya kuma ji amsar Baffa, a natse, ba ko ɗar.

"Hajiya, akwai kuskure. Yaron nan ba ya ƙarya. Sai dai in wani ne ya rubuta da sunansa."

Wannan maganar ce ta kama shi kamar igiya a wuya. Ya ɗage zana ya fito, da taɓonsa da warin maganin kofato, ya durƙusa a gefen tabarma ba tare da ya hau ta ba. Ya ce takardarsa ce. Ya ce bai taɓa zama mataimakin manaja ba, bai san Excel ba sai suna, Faransancinsa kalma ɗaya ce. Madam Ketura ta tambaye shi wa ya rubuta masa, ya ce wani ne ya buga, amma shi ya karanta, shi ya sa hannu, shi ya kai da ƙafarsa.

Ba Umara ne ya fara gane abin da ya faru, cewa tun da ya zauna an ɗauke shi suruki ne, ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Baffa bai yi dariya ba. Ya dubi Walid ya gaya masa magana ɗaya da Larabcin Shuwa, a hankali, cewa da ya san aikin da ya koya masa abin kunya ne a wurinsa da bai wahalar da shi ba. Da mari Baffa ya yi masa da ya fi sauƙi.

Madam Ketura ta cire tabarau ta goge. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce cikin takardu arba'in da ɗaya da aka kawo musu, goma sha bakwai daga shago ɗaya suka fito, duk masu su suna son karatu da tafiye-tafiye, duk da kuskuren rubutu iri ɗaya a layi na uku. Cikin biyar ɗin ƙarshe ta riga ta bi uku. Ɗaya adireshin kamfaninsa fili ne da awaki ke kiwo a ciki, ɗaya kuma da ta kira mai ba shi shaida sai ta ji shi ne da kansa ya toshe hanci yana magana. Ta ce wanda za su ɗauka zai riƙa shiga ƙauye shi kaɗai, abin da ya rubuto shi za su yarda da shi, to in takardar farko ƙarya ce me za su yi da ta biyu? Ta rufe fayil ta miƙe.

Baffa ya ce a'a. Ya ce a rumfarsa ba a taɓa tashi an bar shayi a kan wuta ba, ko surukai ne ko masu madara. Ba yadda ta iya, ta koma ta zauna a kan benci. Suna cikin kurɓa Ba Umara ya ambata cewa daga nan za su wuce su duba shanu shida da wani dillali ya ware wa kamfanin a ƙasan kasuwa. Baffa ya tambayi wanda zai duba musu, suka ce su biyun ne, tunda ba a ɗauki jami'in ba tukuna. Ya girgiza kai.

"Ku tafi da wannan. Ba roƙon aiki nake yi masa ba, wannan ya riga ya zubar da hannunsa. Ba na so ne a ce an cuci baƙi a kasuwarmu."

Haka Walid ya shige gaba, kansa a ƙasa, suna biye da shi. Amma da suka isa wurin shanun wani abu ya sauka masa, kamar yadda mai iyo ke mance damuwarsa da zarar ruwa ya kai masa ƙirji. Akwai wata jar saniya irin Wadara a gaba, fatarta na sheƙi, hantsarta cike kamar za ta fashe. Madam Ketura ta tsaya a kanta ta ce wannan kam ko makaho ya san ta kai. Walid ya shafa wuyan saniyar, ya yi mata 'yar magana a kunne, ya buɗe bakinta. Ya nuna musu haƙoran da suka cinye suka yi gajeru da giɓi a tsakani, ya ce ta haura shekara goma. Ya nuna ƙahon da aka kankare aka shafa wa mai don a ɓoye zoben haihuwa. Hantsar kuma, ya ce, kwana biyu aka yi ba a tatse ta ba don ta cika ido. Ya sa bayan hannu ya taɓa ɓangaren hagu na baya, ya ce wannan da zafi. Dillali ya fara rantsuwa. Walid bai yi musu da shi ba, ya tsinci baƙar leda ya shimfiɗa a tafin hannu ya tatso kaɗan, ya miƙa wa Madam Ketura. Nonon ya fito tsinke-tsinke da gudaji, launinsa ya juya rawaya.

Cikin shida ya yarda da huɗu. Sannan ya ja su gefe wajen wata saniya da ba ta cikin lissafi, ramammiya, mai karyayyen ƙaho, wadda wani makiyayi ke riƙe da ita ba wanda ya ko taya. Ya nuna musu jijiyoyin nono da suka yi kauri a ƙarƙashin cikinta, ya dafa kwiɓinta ya ce tana da ciki wajen wata biyar, haihuwa ta uku, yunwar tafiya ce kawai ta ramar da ita. Ya tambayi makiyayin da Fulatanci, mutumin ya tabbatar, yana mamakin wanda ya gaya masa. Ya juya ya lallashi dillalin da Larabci har ya huce, ya yi wa Ba Umara bayani da Kanuri.

Madam Ketura ta daɗe tana kallonsa. Ta ce tun da suka tsaya ta ƙirga harsuna huɗu a bakinsa, ban da Turancin da ya yi a intabiyu, me ya sa bai rubuta ko ɗaya ba ya je ya aro Faransanci?

"Na ɗauka ba irin waɗanda ake rubutawa a takarda ba ne, Madam."

Ta mai da tabarau ɗinta, ta ɗan kau da kai. Da ta juyo ta ce ba ta yi masa alkawarin komai ba. Ya zo ranar Litinin ƙarfe tara da wata takardar, kuma ya sani duk layin da ya rubuta za ta iya cewa ya yi shi a gabanta.

Da ya koma rumfa ya tarar da Baffa yana wanke kofuna. Ya durƙusa ya ba shi haƙuri, ya ce ba aikin yake jin kunya ba, tsoro ne ya kama shi, shekara biyu ana mai da shi gida. Baffa ya ƙyale shi a durƙushe har ya gama wanke kofi na ƙarshe. Can sai ya ji wani sauti, ya ɗago, ashe Baffa ne dariya ta ci ƙarfinsa, har rawani ya zame masa. Yana nishi yana cewa shi Abakar, da girmansa, ya zaunar da kamfanin madara a kan sabuwar tabarma ya gaya musu ɗansa yana kuka saboda maraƙi. Kafin azahar labarin ya zagaye layin dillalai, kowa ya gifta sai ya ɗaga hannu ya ce, "Manaja, a gaishe da ofis."

Mutumin Monguno na gaskiya ranar Juma'a ya zo. Bai gama sallama ba Baffa ya tsai da shi a bakin rumfa ya ce, kafin a shimfiɗa tabarma, aure ne ko madara? Sai da aka yi masa bayani. Baffa ya ba shi labarin takardar ma, bai rage komai ba, dattijon ya saurara ya ce zai kai yadda ya ji.

Ranar Asabar Walid ya zauna da biro ya rubuta sabuwar takarda da hannunsa kafin ya kai a buga, a wani shagon daban. Ta farko shafi uku ce, wannan ko ɗaya ba ta cika ba. Ya rubuta difilomarsa. Ya rubuta shekara goma sha biyu yana taya Alhaji Abakar kiwo da sayar da shanu a Kasuwar Shanu. Ya rubuta cewa yana gane shekarun saniya da lafiyarta da cikinta, yana iya karɓar haihuwa idan ɗa ya zo a juye, yana jin Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa da Fulatanci da Turanci. A ƙarƙashin kwamfuta ya daɗe yana juya biro, a ƙarshe ya rubuta: ban iya ba, ina so in koya.

Litinin tun takwas da rabi yana bakin ofis. Madam Ketura ta karɓi takardar ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune. Ta ce ba za ta ɓoye masa ba, ita ta so a cire sunansa, sun yi doguwar muhawara da Ba Umara. Ta ce ba shanun ne suka sauya mata ra'ayi ba, masu sanin shanu suna da yawa a garin nan. Abin da ya tsaya mata shi ne, cikin duk waɗanda ta kama, kowa sai ya ɗora wa mai shago ko ɗan uwa ko na'ura, shi kaɗai ne ya fito da ƙafarsa ya ce shi ya yi. Za su ɗauke shi gwaji na wata uku. Tsohuwar takardar za ta zauna a fayil ɗinsa, ba za a yage ta ba. Kullum ƙarfe biyu zai zauna da wani ma'aikacinsu, Dzarma, ya koyi kwamfuta, daga yau.

"Kuma ka ji ni da kyau," ta ce, tana miƙa masa wasiƙar ɗaukar aiki. "Ƙarya ɗaya a rahoto, ko a kan kofi ɗaya na madara ce, ka tafi."

Ya ce ya ji. Sai ga hawaye ya zubo masa. Ba Umara, da ke zaune a gefe, ya miƙo masa hankici yana cewa an riga an gaya musu halinsa, kada ya ji nauyi.

Bai san ya wuce masu keke napep ba sai da ya yi nisa, don haka ya ƙarasa da ƙafa. Gari ya yi masa kyau irin wanda bai taɓa lura ba, ruwan da ya kwanta a gefen titi ya ɗauko sararin sama gaba ɗaya ya ajiye a ƙasa, masu gasa masara suna fifita wuta, wata mata mai shuɗiyar laffaya ta gifta kamar tsuntsuwa. Ya isa makarantar su Kellu ana tsakiyar hutun tara. Ya tsaya a bakin ƙofa ya roƙi mai gadi ya kira masa ita.

Ta fito da alli a yatsunta, fuskarta cike da fargaba, don bai taɓa zuwa wurin aikinta ba. Ya miƙa mata wasiƙar kawai. Ta karanta, leɓunanta na motsi. Da ta kai ƙarshe ta koma farko. Hawaye ya sauko mata, ta sa bayan hannu ta share, allin ya bar farin layi a kumatunta, shi kuwa ya tsaya yana kallon layin nan yana jin duk duniya ba abin da ya kai shi kyau.

"Gwaji ne fa," ya samu ya ce. "Wata uku."

"Na gani. Ni ma na iya karatu." Ta ninke wasiƙar a hankali ta mayar masa, tana dariya tana jan hanci. "Sa ta a leda, hadari na haɗuwa."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ta juya da sauri, ta yi taku kaɗan, ta waiwayo ta tambaye shi ƙarfe nawa ne darasin nasa. Ya ce biyu. Ta ce to me yake jira a nan, ya je ya ci abinci, ya sayi littafin rubutu mai kauri, kada ya je wa malaminsa hannu rabbana a ranar farko. Ya tsaya har ta shige aji, sannan ya sa wasiƙar cikin riga, ya fita titi yana ɗaga wa mai keke hannu.